Motar Ilu da Tsamiyar Hanyar Gatawa

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance, Shi da ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, ya kuma ba shi kunnen da zai saurare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku samarin da kuke taruwa a bakin garejina na Sabon Birni bayan la'asar, kuna shan rake kuna kallon hannuwana, na ji maganarku, ko da yake kuna zaton kunnena ya yi nauyi. Kun ce gyaran tsohuwar mota ba wani ilmi ba ne: a kwance kafireta, a wanke da fetur, a hura da baki, a mayar. Kun ce ilmi yana ga motocin zamani, waɗanda ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. To, madalla. Ni Sanda bakanike, wanda ya tsufa da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, za ni ba ku labarin wagga sana'a kamar yadda na same ta. In kun ji, ku auna da kanku.

Aikin kafireta na farko da idona ya gani, a garejin maigidana Malam Jibo anka yi shi, Allah ya jiƙansa. Mutumin Isa ne, amma a Maraɗi ya koyo sana'a, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ce wa fulogi komai ba sai buji, fetur kuwa isansi. An turo masa wata mota tana fitar da baƙin hayaƙi kamar ana ƙona taya, tana shan mai ba ƙaƙƙautawa. Malam Jibo bai taɓa ko sifana ba. Ya ce a tayar da ita. Ya tsaya, hannuwa a baya, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga wani gari. Ya zaga baya, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina. Sa'an nan ya kwance fulogi guda ya miƙo mini.

Ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Baƙi ne, maigida."

"Tukunya ma baƙa ce. Baƙi mai maiƙo, ko baƙi busasshe?"

Na shafa da yatsa, na ce busasshe ne kamar kunkunniya.

A nan ya yi mini karatun da har yau nake ci da shi. Fulogin da ya yi baƙi busasshe, fetur ne ya yi wa inji yawa. Wanda ya yi baƙi mai maiƙo, ciwon yana can cikin inji, babu ruwan kafireta. Wanda ya yi fari fat, iska ce ta rinjayi mai. Mai lafiya kuwa launin soyayyiyar gyaɗa gare shi. Da munka buɗe kafiretar, sai ga 'yar ƙwaryar nan da ke iyo bisa fetur tana rufe ƙofa in ya cika, ta huje ta nutse, mai yana ta kwarara ba mai tsayar da shi.

Ku sani, kafireta ita ce mai dama wa inji fura. Fetur kaɗan, iska mai yawa, a gauraya daidai. In furar ta yi kauri inji ya shaƙe, in ta yi ruwa ya yi tari ya rasa ƙarfi. Amma Malam Jibo yakan ce abu uku ke riƙe da ran mota: mai, wuta da iska. Bakanike ba shi da izinin zargin mai dama fura sai ya tabbata an kawo mata gero da nono. Ita ake fara tuhuma kullum, sau da yawa kuwa ba ta da laifin komai.

Kayan aikina kuna ganinsu, ba su cika akwati ba. Ga farar tasar da nake jera sassan kafireta a ciki, kowane a inda zai koma, don sukurorinta ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa rairayin garinmu sai dai a yi masa addu'a. Ga kwalbar da nake zuba fetur in bar shi ya kwanta, in akwai ruwa ya taru a ƙasa ya tona asirin mai sayarwa. Ga dogon sukudireba wanda nake ɗora bakinsa a jikin inji, ƙotar a kunnena, in ji abin da ke gudana a ciki. Waya kuwa, ko allura, haramun ce a ramin jet, wato ɗan ramin da fetur ke fita ta cikinsa. Jan ƙarfe ne mai taushi. Ka soke shi sau ɗaya, ka faɗaɗa shi har abada. Maigidana ya fi son ya ga almajirin sana'a ya kumbura kumatu yana hurawa har idonsa ya yi ja, da ya gan shi da waya a hannu.

Masu kawo aiki su ma karatu ne mai zaman kansa. Akwai wanda za ka tambaye shi ciwon motarsa, ya ce maka, "Tana dai yin wani iri." Akwai wanda ya kwana biyu yana juya sukurorin kafireta da wuƙar yankan farce, sa'an nan ya rantse maka ba wanda ya taɓa ta. Wani ɗan kasuwar Kurawa ya taɓa zuwa mini da mota tana numfashi da ƙyar. Na buɗe, na tarar ya cire matatar iska ya yar, wai ta tsufa, ya ɗaure bakin kafireta da kallabin uwargidansa, ninki bisa ninki. Na kwance kallabin, mota ta yi ajiyar zuciya. Na ce ya mai da shi gida tun ba a nemi inda ya shiga ba. Ya ce ai an riga an nema, maƙwabciya ake zargi.

Mugunyar shekara kuwa kun san ta, ba sai na tsawaita ba. Lokacin da 'yan bindiga sunka tsananta, hanyoyi sunka mutu, kasuwanni sunka watse, motoci sunka kwanta a zaure da bayan gida har fetur ya bushe a cikinsu ya zama kamar ƙaro. Garejin ga ya yi shiru, sai kaji ke kiwo a ƙarƙashin benci. Injinan ban ruwa na masu lambu a fadama su sunka riƙe ni, don su ma kafireta gare su, ƙarama ce kawai. Amma a cikin wannan tsanani, duk ran da anka sami sarari mutanen ƙauye za su kwaso iyali da ɗan hatsinsu zuwa cikin gari, motar da ta fi kowace kai da komowa ita ce tsohuwar akori-kurar Ilu. Ba ta taɓa tsayawa da kowa a daji ba. Wagga mota kuwa, shekaru kafin haka, saura ƙiris a sayar da ita ga masu yankan ƙarfe, a kuma karɓe mabuɗi daga hannun Ilu. Labarinta nake so ku ji da kyau.

Motar ta Alhaji Bawa ce, wani falke mai kai hatsi da albasa ƙetaren iyaka. Ya ba Ilu ita yana jigilar 'yan kasuwa daga Sabon Birni zuwa Isa. Ilu saurayi ne natsattse, bai daɗe da aure ba, tuƙin nan shi ne abincinsa da na iyayensa. Mahaifinsa, Baba Tunau, tsohon baduku ne a Isa, wanda in ya ɗinka maka sirdi ko gafaka sai jikanka ya gada.

Wata safiya Ilu ya shigo garejina, fuska a yamutse. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, motar ga tana mutuwa."

Na ce, "Kowace mota tana mutuwa. A ina, kuma yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Gindin tsamiyar nan, kafin a kai Gatawa."

"Sau nawa?"

"Duk ranar kasuwar Isa. In za mu tafi. In za mu komo kuwa, lafiya lau take wucewa."

Ya ce tana cikin tafiya sai ta fara tari, ta fizga, ta yi sanyi, ta mutu, ko dai a inuwar tsamiyar ko ɗan gaba kaɗan. Fasinjoji su sauka su yi ta addu'a. In an jima ya murɗa mabuɗi, ta tashi kamar ba ita ba, har Isa ba ko tari.

Na yi abin da sana'a ta umarta. Na duba wuta, na same ta shuɗiya mai ƙarfi. Na kwance kafireta a farar tasa, na wanke, na hura, ban sami ko ƙwayar rairayi ba. Na zuba fetur ɗinsa a kwalba, babu ruwa. Na busa tiyon mai, a buɗe yake. Na zaga da ita cikin gari har bakin gulbi, tana gurnani kamar zaki. Ranar kasuwa ta zo, ta je gindin tsamiya ta mutu. Ya komo, munka sa sabon famfon mai, don ba na son in bar ƙofar zato a buɗe. Ranar kasuwa ta sake zagayowa, ta sake mutuwa a wurin.

Kafin wani lokaci zance ya cika tasha. Aka ce mai tsamiyar ne ke tare motar, yana son a sauka a gaishe shi. 'Yan kamasho sunka laƙaba mata suna Amaryar Tsamiya. In Ilu ya tsaya lodi, sai mutane su zaga su shiga wata, har mai ɗauke da akuya ya gwammace ya jira ta gaba. Alhaji Bawa ya sa anka yi mata turare, anka rataya mata laya a madubi, duk a banza.

Rannan Alhaji ya zo garejin da kansa, Ilu na biye da shi kamar wanda za a kai gaban alƙali. Alhaji ya zauna a benci, ya gyara babbar riga, ya ce, "Malam Sanda, ni ɗan kasuwa ne, ba ni da lokacin aljanu. Magana biyu ce. In laifin mota ne, masu yankan ƙarfe sun taya, in sallama musu. In laifin direba ne, ga ɗan ƙanwata can shina zaune ba aiki. Ka gaya mini wanne ne."

Kun ji irin tambayar. Duk amsar da na bayar a cikin biyun, Ilu ya sauka daga mota.

Na ce, "Alhaji, likita ba ya yanke hukunci ga ciwon da bai gani yana tashi ba. Ranar kasuwa mai zuwa za ni shiga motar ga, kai ma ka shiga. Abin da idonmu ya gani, shi za mu yi aiki da shi."

Ya ce ya yarda, amma daga wannan tafiya babu wata.

Ranar ta zo. Da hantsi Ilu ya tsaya wurin mai bumburutu na bakin tasha, kamar yadda ya saba, anka ɗura wa tanki fetur har ya kawo baki. Na lura da haka. Anka loda buhunan Alhaji. Fasinja kuwa ba mu samu ba sai mutum ɗaya, Inna Kulu mai daddawa, tsohuwa ce da ba a taɓa jin ta yi shiru ba. 'Yan kamasho sunka ce, "Inna, ba ki tsoron mai tsamiya?"

Ta ce, "Ni da na zauna da mijina marigayi har ya tsufa? Wane aljani ya kai shi taurin kai? Ku ɗora mini kwandona, 'yan nema."

Munka kama hanya, Alhaji da ni a gaba tare da Ilu, Inna Kulu bisa buhuna a baya. Ni dai kunnena na ga inji. Tafiya ta yi daɗi, murya ɗaya, ba gargada. Can sai ga kan tsamiyar ya bayyana daga nesa. Na ga hannun Ilu ya ƙanƙame sitiyari, leɓensa na motsi. Ba a jima ba ta yi tari guda. Ta ƙara. Ya taka totur, ta yi kamar za ta amsa, sai ta saki jiki. Ta gangara a hankali, ta tsaya cikin inuwar tsamiyar daidai, kamar wadda anka yi wa shimfiɗa.

Alhaji ya ce, "La'ilaha illallahu." Inna Kulu ta leƙo ta ce, "To, mun iso gidan surukai."

Na ce kada kowa ya taɓa komai. Irin mutuwar da na ji, ba ta wuta ba ce. Motar da wuta ta yanke mata takan mutu farat ɗaya, kamar an hure fitila. Wagga kuwa ta ja rai, ta yi tari, ta roƙa. Mutuwar ƙishirwa ke nan. Na buɗe bonet, na zare tiyon da ke shiga kafireta, na ce Ilu ya murɗa mabuɗi. Famfo sabo yana ta aiki, amma ko ɗigo bai fito ba. Tanki cike, tiyo a buɗe, famfo lafiya, fetur ya ƙi zuwa.

Ina tsaye ina nazari, sai na ga Ilu ya sulale ya nufi gefen mota, ya karyo ɗan kara a hannunsa.

Na ce, "Ina za ka?"

"Za ni auna mai, Kawu. Kullum in ta mutu nakan buɗe in tsoma kara, ko ya zube a hanya."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kafin ta tashi, ko bayan ta tashi?"

Ya ce, "Kafin."

Na bi shi. Na ce ya buɗe sannu a hankali, na kai kunnena kusa. Yana murɗa murfin, sai tanki ya ja wani dogon numfashi, fuuu, kamar wanda anka danne wa hanci anka saki. Ƙarfen tankin ya yi ƙwal daga ƙasa.

Inna Kulu ta tafa hannu daga bisa buhuna. "Kun ji shi! Kun ji ya fita! Haka yake yi duk mako. A sauka lafiya, mai gida!"

Ilu ya dube ni a tsorace, ya yi ƙasa da murya. "Kawu, na daɗe ina jin wanga huci. Tsoro ya hana in faɗi, kada Alhaji ya ce da gaske akwai abu a motar."

Ni kuwa idona na kan abin da ke hannunsa. Murfin tankin sanye yake da riga ta jar fatar akuya, ciki da waje, an yi mata ado da kore da baƙi, har da 'yan tuntaye. Ɗinki ne wanda in ka kalle shi sai ka yi salati. Na sha ganinsa a gareji, na ɗauka ado ne irin na sitiyari da kan giya, don duk an yi musu irin wannan riga. Na juya shi, na lalubi inda ɗan ramin shan iska yake. Kowane murfin tanki na irin waɗannan motoci yana da shi, ƙarami kamar idon allura. Fata ta rufe shi ruf, ta sha fetur ta kumbura, ta kama bakin tanki kamar an liƙe da ƙaro.

Ga yadda abin yake, ku da kuke cewa sauƙi gare shi. In mai dama fura tana zuba nono daga gora mai ƙaramin baki, sai iska ta shiga kafin nono ya fita. Haka tanki. Famfo na jan fetur, iska ba ta samun hanyar maye gurbinsa, har jan ya fi ƙarfin famfo. In tanki cike yake, sararin iska kaɗan ne, nan da nan abin ke kamawa. Ilu kuwa kullum a wuri ɗaya yake cikawa, kaya iri ɗaya, hanya ɗaya, don haka a wuri ɗaya numfashinta ke ƙarewa. Allah ya sa tsamiya ce a wurin. In za su komo, tanki ya sauka, sarari ya yalwata, sai ta kai gida ba ta shaƙe ba. A gareji kuwa ban taɓa samunta da cikakken tanki ba.

Na ce, "Wa ya yi wanga ɗinki?"

Ilu ya ce, "Baba ne. Robar murfin ta mutu, mai na fantsama, shi ne ya ce a kawo ya gyara. Don Allah, Kawu, kada ka kunyata shi gaban Alhaji. Na fi son a ce ni ne."

Alhaji ya ƙaraso yana kaɗa carbi. "To, Malam Sanda, mota ko direba?"

Na ce, "Ba ko ɗaya, Alhaji. Amma maganin ba a hannuna yake ba, yana kasuwar Isa. Ka yi mini haƙuri mu isa."

Na mayar da murfin, ban ɗaure shi tam ba, na bar shi sako-sako. Ilu ya murɗa mabuɗi, ta tashi.

Da munka isa, na ɗauki murfin, na ja Alhaji da Ilu har rumfar dukawa. Baba Tunau na zaune bisa buzu, tabarau a karan hanci, yana huda wata fata da basilla. Na tuɓe takalmi na durƙusa, don ya girme ni nesa. Bayan gaisuwa na ajiye murfin a gabansa.

Na ce, "Baba, ƙara na kawo. Aikinka ya hana ni barci."

Ya ɗaga kai. "Ɗinkina ya kwance?"

"Ina fa! Da ya kwance da ban sha wahala ba. Waɗanda sunka ƙera motar ga a ƙasarsu sun bar ɗan rami a murfin nan don tanki ya riƙa shan iska. Duk wanda zai yi masa riga, dole iska ta sami wurin ratsawa ta bakin zare. Kai kuwa ka yi ɗinkin da ko iska ba ta wuce shi. Motar Alhaji numfashi take nema ta rasa."

Tsohon ya ajiye basilla. Ya ɗauki murfin, ya juya shi, ya kai baki ya hura da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko kaɗan ba ta wuce ba. Sai fuskarsa ta washe, ya waiwaya ga sauran dukawa.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Shekara nawa ina gaya muku ɗinkina ko iska ba ta ratsa shi, kuna cewa cika baki ne? Ga bakanike ya zo tun daga Sabon Birni ya ba da shaida!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Na saci kallon Alhaji, don hukunci a bakinsa yake. Ya tsuke fuska, ya buɗe baki zai yi magana, sai Baba Tunau ya nuna shi da yatsa.

"Alhaji, ai kai ka ce in yi wa sitiyari riga. Da ka ga murfin kuma, ba kai ka zaga da shi tasha kana nuna wa direbobi ba, kana cewa ko motar gwamna ba ta da irinsa?"

Alhaji ya dubi murfin, ya dubi Ilu da ke tsaye yana zufa, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa ginshiƙin rumfa. Ya ce, "Wato ni na yi ta sayen turare ina kora wa kaina aljanin da na biya anka ɗinka!"

Na nuna wa Baba Tunau daidai inda ramin yake a ƙarƙashin fata. Ya gyara tabarau, ya yi bisimilla, ya soka basilla ciki da waje, ya kewaye hudar da zare don kada ta sake haɗewa. Ya hura, iska ta fita da ɗan fito.

Alhaji dai falke ne, ba ya sayen abin da bai gwada ba. Ya ce mabuɗi na nan hannun Ilu zuwa kasuwa mai zuwa, in ta wuce tsamiya da cikakken tanki, magana ta ƙare. Ranar na sake shiga, shi ma ya shiga, Inna Kulu na bisa buhuna, har da wasu 'yan kallo da sunka biyo don su ga ƙarshen Amaryar Tsamiya. Anka cika tanki har baki, anka ɗaure murfi tam. Da tsamiyar ta bayyana, kowa a cikinmu ya zuba mata ido. Inji kuwa bai sauya murya ba. Inuwar ta rufe mu, ta sake mu, ta koma baya.

Inna Kulu ta ɗaga murya tana ɗaga wa tsamiyar hannu. "Yau ba mu sauka, mai gida! Muna sauri! A gaida yara!"

Alhaji ya daki kafaɗar Ilu, ya ce, "Taka ta, ɗan baduku. Ɗan ƙanwata ya nemi jaki."

Ilu ya riƙe wannan mabuɗi har gashinsa ya fara fari, da shi kuma ya yi jigilar da na gaya muku a mugunyar shekara. Baba Tunau kuwa, har Allah ya karɓi abinsa, duk wanda ya zauna a rumfarsa sai ya ji labarin motar da ta gagari bakanike, baduku ya warkar da ita da suka ɗaya. An sha kawo mini zancen don a ga ko za ni musa. Ban taɓa musawa ba, don gaskiya ya faɗa: hannunsa ya toshe, hannunsa ya buɗe. Ni kunne kawai na kai.

Kafin ya rasu ya aiko Ilu da basillar, ya ce a ba Sanda, ko wata rana aiki ya sake fin ƙarfinsa. Ita ce wagga da kuke gani a akwatina, mai ƙotar da ta sha hannu, wadda jiya ɗayanku ya tambaya ko da ita nake soke jet. A'a. Ba ta taɓa kusantar kafireta ba, ba kuwa za ta kusance ta ba muddin ina numfashi.

Ga mota can an turo tun azahar, mai ita ya ce tana yin wani iri. Ku ajiye raken ku taso. Kada wanda ya ɗauki sifana. Ku tayar da ita, ku sa hannuwa a baya, ku gaya mini abin da kunka ji.

Allah ya sa mu gama da sana'o'inmu lafiya, ya buɗe mana hanyoyinmu, amin.